Damin Da Na Yafe

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya raba wa bayinsa wuraren zama da wuraren kwanciya ba tare da ya shawarci kowa ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu, wanda ya ɗanɗani ɗacin barin garinsu, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi su da kyautatawa.

Bayan haka, ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Minjibir. Na yi shekara goma sha tara ina karantar da addini a ƙasar Gabon, na dawo gida da furfura da akwatin littattafai, na tarar ba ni da inda zan kafa fartanya. Yadda hakan ta faru shi ne abin da zan rubuta. Ban ɗauki alƙalami don a bi mini hakki ba, lokacin wannan ya wuce. Na ɗauka ne domin na daɗe ina koya wa mutane hukuncin aro, ni kuwa dami ɗaya na gero ya kayar da ni.

A wajenmu ƙasa a matse take. Gona tana jikin gona, babu daji, babu saura, iyakar mutum da maƙwabcinsa layin gamba ne kawai. Mahaifina ya bar mini gona guda a gabas da gari, da kuka biyu a tsakiyarta da ɗorawa a gefen kudu. Ba ta da girma, amma ta sha taki tun zamanin kakana, lokacin da jakai suke ɗauko mata toka da shara daga birni a mangala. Al'adarmu kuwa ita ce, idan mutum zai yi doguwar tafiya ya ba wani aron gona, to duk kaka wanda aka ara wa zai ɗaure dami ɗaya, ya ratsa gari da shi da rana tsaka, ya kai gidan mai gona ko gidan wani nasa. Dami ɗaya ba ya riƙe gida. Ana kai shi ne don mazauna gindin bishiya su gani, su tambayi na wane ne, a faɗa musu, shekara ta zagayo a sake.

Wani Alhaji ɗan kasuwa, Bakano mazaunin Gabon, shi ya ji ni ina karatu a wani zaure a birni, ya ce jama'arsu suna neman malami. Muka yi da shi zan yi shekara uku. Iyayena sun riga sun rasu, ba ni da wa, ba ni da ƙane, saboda haka na ba taubashina aron gonar. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina. Shi ɗan mace, ni ɗan namiji, don haka tun muna yara a wasanmu ni ne ubangida shi ne bawa, ba mu taɓa yin magana uku a jere ba tare da tsokana ba.

An yi maganar a zaurenmu bayan la'asar, a gaban liman da wani dattijo maƙwabcin gonar.

"Ubangida zai tafi ƙasar da ake cin biri," in ji taubashina. "In ka dawo da wutsiya kada ka ce ban gargaɗe ka ba."

Na ce, "Bawa ba ya sa baki in manya na zaune. Ga gona nan, ka riƙe ta aro har in dawo."

"Na karɓa. Damin fa, ina zan riƙa kai shi? Gidanka a rufe zai kasance."

Shi da kansa ya tambaya, ina shaida masa wannan har gobe. Ni ne na gyara zama na ce, "Na yafe maka damin, ka ci da iyalinka. Aro alheri ne, ba na son a gauraya shi da komai."

Liman ya ce madalla, haka aka san malamai. Na ji daɗin wannan madallar har cikin ƙashina, kuma da na binciki zuciyata a ranar da na gane cewa ita nake nema, ba lada ba.

Da zaure ya watse Gwaggo ta aiko a kira ni. Tana zaune tana ɓare gyaɗa, ba ta ɗago ba.

"Kai, ɗan nan, koma ka ce a riƙa kawo mini damin, ni zan karɓa maka."

"Gwaggo, ɗanki ne fa."

"Don ɗana ne na faɗa. Yau ba zai ci amanarka ba. Amma zai haihu, 'ya'yansa su tashi su ga ubansu yana noma gona, ba su taɓa ganin dami ya fita daga cikinta ba. Me kake so su ce?"

Na yi mata bayani a tsanake, kamar yadda ake yi wa ɗalibi, cewa aro ba ya zama mallaka komai daɗewarsa, malamai sun haɗu a kan haka. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To, littafin ne zai zo ya tsaya a gaban dagaci?" Na yi murmushi irin na wanda ya yi wa tsohuwa uzuri, na yi mata sallama.

Tafiyar farko kwana tara ta ci. Daga Kano mota zuwa Yola, muka tsallaka Kamaru, muka bi ta Garwa zuwa Ngaundare, inda na fara shiga jirgin ƙasa a rayuwata. Ina jikin taga ina kallon ƙasar da na sani tana ƙarewa a hankali. Kuka ta fara ɓacewa, sannan gawo, sannan rumbuna, daga ƙarshe sararin sama ma ya ƙare, itatuwa suka haɗe a kanmu. Daga Yawunde muka shiga ƙaramar bas zuwa kudu, muka tsallake wani kogi mai baƙin ruwa a jirgin fito. A kowane shinge sai a sauke mu, 'yan ƙasa gefe guda, baƙi gefe guda. A ɗaya daga ciki wani jandarma ya buɗe akwatina, ya zaro littafin fiƙihun da na gada daga malamina, ya riƙe shi a juye yana kaɗawa ko wani abu zai faɗo. Irin na dā ne wanda ba a ɗinke ganyayyakinsa ba, sai suka zube a laka. Na durƙusa ina tsincewa, fasinjoji suna tsaki, direba yana ta danna hon. Har yau akwai ganye uku a babin tsarki da jar lakar nan a jikinsu.

Garin da aka kai ni yana tsakiyar kurmi, manyan motocin katako ne suke ratsa shi. Unguwar Musulmi tana gefen kasuwa, akwai Hausawan da aka haifi kakanninsu a can, akwai mutanen Mali da na Cadi. An ba ni ɗaki jikin masallaci, bangon katako, rufin kwano. Da safe ina karantar da yara, bayan la'asar kuwa manya suke zuwa, teloli da mahauta da masu shaguna.

Na tashi a inda ake fita roƙon ruwa, sai ga ni a inda mutane suka gaji da shi. In ya sauka a kan kwano ba mai jin muryar wani, sai mu rufe littafi mu zauna muna kallon juna har ya ɗauke. Tawada ba ta bushewa a allo. Riga in an wanke ta sai ta kwana uku tana warin danshi. Littattafai suna yin fumfuna, don haka duk ranar da rana ta leƙo sai in baza su a tabarma kamar mai shanyar barkono. Abinci rogo ne da aka jiƙa aka naɗe a ganye, mai tsami, sai agada da kifi banda. Kuka da daddawa sai wani ya zo daga Kamaru a raba da cokali kamar magani. Na shekara biyu fura ba ta shiga bakina ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai katin zama ne, wato takardar izinin zaman baƙo. Kafin ya ƙare sai na nemi wasiƙa daga kwamitin masallaci cewa har yanzu suna bukatata, sannan in hau mota in je babban gari in shiga layi. Magidancin da na koya wa alwala jiya, in ɗan ƙasa ne, sai ya wuce shinge hannu a aljihu, ni malaminsa ina tsaye ina lalubar takarda a cikin leda. Duk sanda aka tsayar da ni haka, sai in bar jikina a wurin in tafi gonata. In shiga ta wajen ɗorawa, in bi layin gamba, in tsaya tsakanin kukokin nan biyu. Sai in ce wa kaina, kai ba ɗan nan ba ne, kuma ba ka bukatar zama ɗan nan, kana da inda ba mai tambayarka takarda. Da wannan na haɗiye abubuwa da yawa.

Shekara uku ta cika, aka roƙe ni in ƙara. Na zo gida na ɗauki maiɗakina daga gidan iyayenta, na koma da ita, na kuma tafi da irin geron mahaifina a cikin gwangwani. Na share wani ɗan fili a bayan masallaci na shuka. Wata tsohuwa 'yar ƙasar, wadda gonar rogonta ke kusa, ta tsaya tana kallona, ta sa aka tambaye ni ko ciyawar awaki ce. Geron ya fito da ƙarfi, ya wuce kaina, ganye kore shar, har na fara kiran mutane su zo su gani. Da ya fitar da kai sai ruwa ya ƙi ɗaukewa. Zangarniyar ta yi baƙi, ta ruɓe a tsaye, ko tsuntsu bai kula ta ba. Tsohuwar ta kawo mini sandunan rogo ta ajiye a ƙofar ɗaki. Na gode mata, amma ban dasa ba. Ina ganin wanda yake da gona a gida ba ya bukatar koyon noman wasu.

A cikin shekarun nan sau shida na zo gida. Duk zuwa taubashina ne yake fara tarbata. "Ubangida ya zo duba bawa! Ina wutsiyar, ko a wando ka ɓoye ta?" Sai ya ja ni gona, ya tumɓuke gyaɗa ya gasa mini, mu zauna a gindin kuka.

A zuwa na uku na ga an dasa mangwaro guda biyar a jere. Kowa a ƙasarmu ya san mai aro ba ya dasa itace, domin itace ya fi aro daɗewa. Na ce, "Bawa, wa ya ba ka izinin dashe?"

Ya ce, "Inuwa nake tanadar maka. In ka tsufa haƙora suka zube, a nan za mu ajiye ka kana yi wa awaki tafsiri."

Mutanen da ke wurin suka fashe da dariya, ni ma na yi. Wanda bai san taubasantaka ba ba zai gane yadda take ɗaure harshe ba. Duk maganar da ka ɗauko da nauyinta, kafin ta isa kunne ta zama wasa, in kuwa ka dage sai a ce wane ya yi fushi da abokin wasansa, abin kunya ne. A zuwa na huɗu ta'aziyyar Gwaggo ce ta kawo ni, ba lokacin maganar gona ba ne. A na biyar na tarar liman ya rasu, an kuma haƙa rijiya a gonar ana lambu da rani. A na shida dattijon nan maƙwabci shi ma ya bi su. Ina lissafe da rasuwarsu ɗaya bayan ɗaya, ina yi musu addu'a, ban taɓa tsayawa na ce wa kaina shaiduna ne suke tafiya ba. Ko kuwa na faɗa, na yi sauri na rufe. Magana ɗaya ce da ta isa a kowane zuwa: daga bana a dawo da dami. Amma yaya malamin da aka ce wa madalla a gaban jama'a zai dawo yana neman abin da ya yafe?

Ina tuna wani yammaci a can, muna babin aro da manyan ɗalibai. Na yi musu bayanin hauzi, wato mutum ya riƙe abu shekaru masu yawa mai shi yana gani bai yi magana ba, har da'awarsa ta raunana. Na ce amma wannan ba ya shafar abin da aka tabbatar aro ne. A cikinsu akwai wani tsohon mahauci, Bahaushen da bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, mai yawan tambaya.

"Allah ya gafarta Malam, in wanda aka ara wa ya ce kyauta ce fa?"

"Sai mai shi ya kawo shaidu."

"In shaidun sun mutu fa? Mu nan mutane mutuwa suke, ban sani ba ko a Kano."

Aka yi dariya. Na ce, "Mai hankali ba ya barin aronsa ya tsufa ba tare da ya sabunta shaida ba."

"To Allah ya sa mu cikin masu hankali," in ji shi, ya shafa.

Na ce amin, na juya ganye muka shiga babi na gaba. Wallahi ko gezau ban yi ba. Ilimin yana bakina, gonar tana zuciyata, ban taɓa barin su sun haɗu ba.

Ƙarshen aikina ya zo ba tare da rigima ba. Alhajin da ya ɗauko ni ya rasu, 'ya'yansa da sa'o'insu suka karɓi kwamiti. Mafi yawansu ni na koya musu baƙi da wasali. Suna son makaranta mai aji da kujeru da rajistar hukuma, hukuma kuwa tana son malami mai takardar shaida wanda yake jin Faransanci. Ɗaya daga cikin 'ya'yan unguwar ya dawo daga karatu a waje da duka biyun. Ni kuwa ijazata a bakin malamaina take, kuma suna ƙarƙashin ƙasa. Shugaban kwamitin ya zo ɗakina, ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya ce, "Malam, mun ga ka gaji. Mun ce bai kamata mu riƙe ka nesa da gida har yanzu ba." Na tambaye shi wasiƙar katin zama, wanda saura wata biyu ya ƙare. Ya dubi tabarma, ya ce ai da wuya a bayar da wasiƙa ga wanda ba ya cikin ma'aikata.

Sun yi mini walima, an yi jawabai, an ba ni agogon bango da bargo. Tsohon mahaucin nan ne kaɗai ya raka mu tasha. Ban yi kuka ba, ban kuma yi wa kowa gori ba. A cikin bas maiɗakina tana share hawaye saboda wata 'yarmu da ta rasu muka binne a jar ƙasar nan, ni kuwa ina ce mata ta yi haƙuri, gida za mu, bana da hannuna zan yi shuka.

Mun iso ana saura wata guda ruwa ya sauka. Tun daga Bacirawa na ga birni ya miƙo ƙafa, inda na san gonaki duk ya zama bulo da kwano. Washegari da hantsi na tafi gona ni kaɗai. Na nufi wajen ɗorawa don in shiga ta inda na saba shiga a zuci, na tarar babu ɗorawa. An sare ta, an yanki gefen kudu an sayar wa wani mutumin birni, har ya zuba harsashin gini. Mangwarorin sun zama manyan itatuwa.

Na wuce gidan taubashina, wanda yanzu Alhaji ne. Ya fito, ya ba ni hannu biyu, ya ce, "Malam, an zo lafiya? Ya hanya?" Tun da muka tashi bai taɓa kirana Malam ba. A nan na san abin da ake ciki, tun kafin babban ɗansa ya fito ya tsaya a bayansa.

Maganar ta kai gaban dagaci, wanda ɗan dagacin da na bari ne. Zaure ya cika. Na faɗi nawa. Taubashina ya ce, idonsa a ƙasa, muryarsa ba ta rawa, "Ranar da zai tafi ya bar mini ita saboda zumunci. Da aro ne da na kai dami. Kowa ya san ni a garin nan, ban taɓa riƙe damin wani ba."

Dagaci ya dubi jama'a ya ce, "Akwai wanda ya taɓa ganin dami ya fita daga gonar nan zuwa gidan Malam, ko gidan wani nasa?"

Sai wani tsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, mun san gonar mahaifinsa ce. Amma aro ne ko kyauta, ba mu cikin zauren. Mu dai ba mu ga dami ba."

Sai na buɗe baki na zubo karatu. Na kawo hukuncin aro da sharuɗan kyauta, na bambance hauzin bare da na dangi, na faɗi abin da malamai suka ce a kan wanda yake nesa. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Dagaci ya bari na gama, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, karatunka daidai ne, ba mai ja. Shaida fa?"

Muryar Gwaggo na ji a bakinsa.

Dagaci ya ce tun da babu shaida, saura rantsuwa a kan wanda ake ƙara, ko a yi ta nan a gaban sabon liman ko mu tafi kotu. Taubashina ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya ce a ba shi buta. Na dubi fuskarsa ina neman tsoro, ban samu ba. Har yau ban sani ba, ko ƙarya yake da gangan, ko kuwa ya daɗe yana ba 'ya'yansa labarin har shi ma ya gaskata. Shekara goma sha tara yana zuba gumi da taki a ƙasar da ba wanda ya taɓa tuna masa ta wani ce.

Na ce, "Ajiye butar."

Ya tsaya.

"Ajiye, na ce. Na bar maganar."

Wasu sun ce na yi haka ne don tausayin ɗan gwaggona kada ya halaka kansa, suka yaba mini. Wasu sun ce na san ba ni da gaskiya ne. Na farkon sun ba ni abin da ban cancanta ba, kuma na riga na ga inda madalla take kai mutum. Akwai tausayin, ba na musu, amma ƙarami ne. Abin da ya fi shi girma, Allah ya yafe mini, shi ne tsoron kada ya rantse ya kuma ci gaba da zama lafiya lau, yana ƙiba yana aurar da 'ya'ya, ni ina kallo daga zaure, zuciyata ta fara tambayar abin da bai halatta ta tambaya ba. Na zaɓi in rasa gonar a kan in shiga wannan jarrabawa.

Damina ta sauka, ban yi shuka ba. Na share zauren mahaifina, na rataye agogon bangon nan, dattawa huɗu zuwa biyar suna zuwa karatu bayan la'asar. Da abin da suke kawowa muke ci, wata rana ya isa, wata rana bai isa ba.

Da kaka ta yi, wata ranar Laraba da rana tsaka, ina zaune a ƙofar gida na hango babur ya taho a hankali da dami ɗaure a bayansa. Babban ɗan taubashina ne. Ya biyo ta tsakiyar gari, ta gaban mazauna gindin darbejiya. Ina ji ɗayansu ya ɗaga murya, "Kai, na wane ne?"

Ya ce, "Zakkar Alhaji ce, ya ce a kai wa Malam."

Suka ce madalla, Alhaji akwai zumunci.

Ya sauke damin a gabana, ya rusuna ya gaishe ni, ya tafi. Na zauna ina kallonsa. Irin mahaifina ne, doguwar zangarniya mai gashi, ko a cikin dubu zan gane shi. Ga dami ya fita daga gonar, ya ratsa gari da rana, mutane sun gani, sun tambaya, an faɗa musu. Komai ya cika yadda al'ada ta tsara, sai dai abin da suka shaida shi ne gonar tasa ce, ni kuwa ina cikin waɗanda ake ba wa.

Maiɗakina ta leƙo daga soro, ta ce, "Malam, a mayar musu?"

Na ce, "Me za ki ɗora yau?"



Na bi sharuɗan masu cin zakka a zuciyata ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na sha bi da ɗalibai, ina fatan in sami wanda ya fitar da ni. Ban samu ba. Na ce ta shiga da shi. Ta sussuka, ta surfa, ta daka, da la'asar ta kawo mini fura a ƙwarya. Na yi bismilla na sha. Irin wadda na shekara ina mafarkinta ce a ɗakin katakon nan ruwa yana dukan kwano, ba abin da ya ragu daga ɗanɗanonta. Na so a ce ta yi ɗaci, ba ta yi ba. Bana kaka ta huɗu ke nan yana aikowa, kuma ina karɓa.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka makwancinta. Allah ya gafarta mini abin da na yi don a gani, ya yi hukunci tsakanina da ɗan'uwana da rahamarsa, domin in da adalcinsa ne ban san wanda zai tsira a cikinmu ba. Kai kuma mai karatu, Allah ya tsare maka abin da iyayenka suka bari, ya sa albarka a rumbunka da zuriyarka da duk wanda yake kwana a ƙarƙashin rufinka, ya dawo da matafiyanku su tarar da abinsu yadda suka bar shi. Amin.